Bakwai Uku

Daren da na buɗe ƙofar ba ni da mugun nufi.
Wuta ta ɗauke sau huɗu tun la'asar,
injin ɗakin shan maganinmu na Garin Malam yana ta tari,
Gaptiya na tsaye a kaina da takardun awo:
"Mutari, na'urar ta hana ni shiga,
ga mata goma sha ɗaya a kan benci."
Sai na buga bakwai, bakwai, bakwai.
Kundi ya buɗe. Ta sa mini albarka.
Na ce gobe na gyara.

Bakwai ta farko tawa ce, mai ɗaki.
Ta biyu ta abokan aiki.
Ta ukun fa?
Ta duk wanda ƙafarsa ta taka zaure:
ya karanta, ya goge, ya rubuta nasa,
ya tada abin da ya ga dama.

Goben nan ta yi wata tara ba ta iso ba.

A Damagaram, inda famfo ma kwaɗo ake sa masa,
inda tsohuwata ke ƙirga jarkokin ruwa kafin ta kwanta,
ni na bar randar asirin mutane ba marfi:
wa ke karɓar ƙwayar da ba a faɗin sunanta,
wace ta yi ɓari sau uku,
jinin wa ya nuna abin da matarsa ba ta sani ba.

Ba ɓarawo ne ya tona ni ba.
Harira ce, ƴar koyon aiki,
kwana shida da zuwanta, kalmar sirrinta ta baƙi ce.
Ta zo ta tsaya, ba ta dube ni ba,
ta ce, "Ashe abin da ke cin Kawu Kyari ke nan."

Na duba rajistar shiga har asuba.
Na tarar da sawu iri-iri,
wasu na gida, wasu ban san ƙasarsu ba,
da wani ɗan fayil da ban haifa ba
kwance cikin nawa, yana jiran a kira shi.

Na buga shida, huɗu, sifili.
Daƙiƙa biyu ya ɗauke ni. Biyu!

Ɗazu na ga Kawu Kyari a Kasuwar Dole yana taya albasa.
Ya ba ni hannu, ya tambayi aiki.
Na ce aiki da godiya.