Fasinjan da Ba Ya Cikin Manifes

Kwana sha tara ina ɗinkinsa da dalma
a shagon Bappayo, bayan Tudun Hatsi.
Ɗan akwati ne, bai kai tafin hannu ba,
da ƙusoshi biyu da za a soka a buhun wake
su faɗi ko ya bushe ko da sauran danshi.
Bara Alhaji Manga ya zubar da buhu arba'in, duk sun yi fumfuna.
Ya ce in na iya, zai saya.

Na soka wayar USB a haƙarƙarin kwamfuta.
Ta yi ɗan kukan nan nata na "wane ne?"
sannan ta rubuta: ban san shi ba.
Ta manna masa alamar rawaya a goshi
kamar ɗan akuyan da ya ɓata ran kasuwar Kumo.

Na zare, na hura ramin, na mayar.
Na sauya rami. Na sauya waya.
Na kashe ta na kunna har sau uku,
ita dai maganarta guda.

Kawu Gidado na kan benci yana ɓarar gyaɗa.
"Me ya hana?"
Na ce direba ne bai gane shi ba.
Ya yi dariya har ya ƙware,
shi da ya shekara talatin yana jan babbar mota
daga Gombe zuwa Biu, da damina da rani.
"Wane irin direba ne ke ƙin fasinja?"

Na ce wannan ba shi da sitiyari, Kawu.
Tafinta ne, yana zaune a cikin kwamfuta.
Yaren akwatina kuwa ya iya shi sarai:
harafi bayan harafi, layi guda,
kamar jarkoki a bakin famfon Pantami.
Sai dai takarda gare shi mai ɗauke da sunaye,
kowane suna lamba biyu:
ta gidan da aka haife ka, da taka ta kanka.
Nawa, ni na raɗa masa suna jiya da dare,
ina direba zai san shi?

Kawu ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa.
"Manifes ke nan.
Wanda babu sunansa a ciki, ko ɗan cikinka ne,
a shingen Dadin Kowa sai ya sauka.
To ka rubuta shi mana."

Na buɗe takardar direban,
doguwa kamar littafin bashin mai shago.
Na gangara ƙasa, na ƙara layi ɗaya:
lambar gida, lambar ɗa.
Na adana. Na soka.

Rawaya.

Aka ɗauke wuta bayan isha'i.
Batir ya rage sha ɗaya cikin ɗari,
sauro na ta karatu a kunnena.
Dudu ta kawo tuwo, ta ajiye, ba ta tafi ba.
Ta ɗauki kwalin sukarin da na rubuta lambobin a bayansa,
ta haska da wayarta tana karantawa a hankali
yadda take yi wa 'yan aji uku.
"Yaya, wannan ta ƙarshe takwas ce ko B?
Rubutunka kamar kaza ta yi tono."

B ce.
Takwas na sa.
Wuni guda ina zagin direba,
ashe ni na ɓata sunan ɗana.

Na goge, na gyara, na soka.
Kukan ya fito daban, mai hawa sama.
Rawaya ta gushe.
Ƙofa ta huɗu ta buɗe, aka ce ya shigo.

Na caka ƙusoshin a buhun da ke lungu,
lambobi suka fara zuwa ɗaya bayan ɗaya:
sha biyu da ɗigo shida,
sha biyu da ɗigo shida,
sha biyu da ɗigo biyar.

Kawu ya miƙe, ya zura hannu a buhun,
ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya gasa mata haƙori. Ƙas.
"Ya bushe," in ji shi.
"Ni tun la'asar na sani."

Batir ya mutu.
Muka ci tuwon a duhu, ya riga ya huce.