Turmin Da Na Kife

Gadon gidanmu gyaɗa ne.
Da ita Tabawa, uwata, ta aurar da mu huɗu.
Daga Daura har kasuwar Mai'aduwa
Ba wanda bai san ƙaragonta ba.

Ni ma da turmi na shiga ɗakin miji.
Asuba in soya, hantsi in murje in daka,
In matse tunkuza har kafaɗa ta yi ƙara.
Kwalba goma sha biyu ta mai nake fitarwa,
Ban taɓa komowa da ko guda ba.

Sai ga Nafi'u.
Wata bakwai, haƙori biyu, dariya kamar ta tsoho.
Na dama kunun gyaɗa da tsamiya,
Na hura, na ɗiga masa a baki.
Bai kai cokali na uku ba.

Leɓe ya tashi kamar ƙullin waina,
Ido ya nutse cikin kumburi,
Jiki ya yi rudu-rudu har tafin ƙafa,
Ƙirji na fito kamar an toshe sarewa.
Ya wage baki zai yi kuka,
Kukan bai fito ba.

Hansai ta leƙo ta katanga:
"Borin jini ne, shafa masa manja!"
Surukata ta ce baki ne, a kawo garwashi.
Ni dai na saɓa shi, takalmi ɗaya, mayafi a baibai,
Na tare ɗan kabu-kabu a bakin titi,
Ban ko tambayi nawa ne ba.

Wata nas, Barira, ta fizge shi daga hannuna.
Allura a cinya, roba a hanci.
Na tsaya ina ƙirga tsagar siminti,
Ina jan salatin da ba na kai ƙarshensa.
Da ya tsala ihu sai na durƙushe,
Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba.

"Me ya ci?" in ji likita.
Na ce kunu. "Na me?" Na faɗa.
Ya ajiye biro. "Jininsa ya ƙi ta, ƙi na gaba.
Ko ƙwaya, ko mai, ko ɓurɓushi a hannunki.
Mece ce sana'arki?"
Na dubi farcena, maiƙo na ƙyalli a ƙarƙashi,
Ban iya ba shi amsa ba.

Shekara shida ke nan.
Ashe gyaɗa maɓoya gare ta:
Tana cikin yajin tsire, tana bayan kilishi,
Tana kwance a kwaɗon zogale da miyar taushe.
Kafin yarona ya iya ƙirga goma
Ya iya cewa, "Da wane mai aka soya?"
A gidan biki yakan goya hannu a baya,
Yana kallon ƙosai kamar bai gani ba.

Gwaggonsa ta ce tsirfa ce da iyayi,
Jikan mai ƙuli ya ƙi ƙuli?
Ran wani suna ta ɓantaro masa a ɓoye,
Don ƙauna, wallahi, don ƙauna.
Kwana uku muka yi a gado na tara.
Ita ta riƙa kawo mana ruwan zafi,
Har yau ba ta iya haɗa ido da ni ba.

Ƙaiƙayi kuwa bai bar bayan gwiwarsa ba.
Sai ya yi barci nake yanke masa farce,
In kasa kunne ga ƙirjinsa,
Kamar mai jiran a ƙwanƙwasa ƙofa.

Na kife turmin. Zoɓo nake sayarwa yanzu,
Riba kaɗan, hannu ja.
In Tabawa ta zo, a zaure take canza zane,
Ta wanke hannu sau uku kamar mai alwala
Kafin ta taɓa kan jikanta.

Wani sa'in, da la'asar,
Ƙamshin suyar maƙwabta kan tsallako katanga.
Yawuna ya tsinke, kafaɗata ta tuna.
Sai in tashi in ja taga,
In dubi Nafi'u zaune bisa gindin turmin
Yana rubuta sunansa a karkace,
Yana numfashi, bai ma san yana yi ba.