Layi na Goma Sha Bakwai

A Kumasi, inda sama ba ta rowar ruwa,
mu muka kafa rumfar leda don kada ya sauka.
'Yan torotoro na wucewa suna nuna mu da baki:
ga waɗanda ke sayen fari da kuɗinsu.

Aikina ƙishirwa ne, ni nake raba ta.
Layi arba'in na sanfulawa, kowane da lamba a turke.
Kwana ashirin da ɗaya ban ba su ko ɗigo ba,
famfon na ɗaure da waya.
Ran da hadari ya sauko yana dukan ledar,
suna ji a bisa kansu, ni ma ina ji.

Innata a Aboabo ta ce, "Tasalla, ji tsoron Allah.
Ko kare ka shayar akwai lada,
ke kuwa albashin hanawa kike ci."
Na ce, "Inna, tambaya muke yi musu."
Ta ce, "A gidan wa ake tambayar baƙo
ba a ba shi ruwa ba tukuna?"

Na huɗu ya sunkuya tun ran Laraba.
Na tara, ɗan lelen Dakta Afriyie,
mai kai kamar faifai, wanda irinsa ya hau jirgi,
ganyensa ya koma tsumma.
Na rubuta. Biro bai san tausayi ba.

Na goma sha bakwai kuwa gajere ne, maras fasali,
kansa bai kai murfin kwano ba.
Da azahar ya naɗe ganye kamar mai jin kunyar suruki,
da asuba ya ware, sai ka ce ba a yi komai ba.
Ni da Kwabena muka tona guda:
saiwa kamu uku, ta huda jar ƙasa ta wuce.
Ashe tsawon da ya hana idonmu
ƙasa yake kai wa a ɓoye.

Yanzu sai sammako.
Da hantsaki nake tsince mazan furen na tara
kafin rana ta tashe su,
in lakato rawayan gari daga gajeren da ɗan buroshi,
in shafa a hankali, kamar mai sa wa jinjiri kwalli,
in rufe kan da jakar takarda, in ɗaure.
Ƙudan zuma na zagaye suna ƙorafi,
mun ƙwace musu sana'a.

Babban kai muke roƙo, bisa doguwar saiwa.
Amma gado ba ya jin lallashi:
ɗan na iya ɗauko ƙanƙantar uban
da ragwancin uwar.
Dakta ya ce shuka shida, wataƙila takwas,
kafin mu ɗaura ko mudu ɗaya mu aika arewa,
can wajen Bawku, inda kawuna Ɗanlaraba
ba ya bukatar leda don ya ga fari.

Ran na ashirin da biyu na kwance wayar.
Na shayar da su duka, har matattun.

Na koma gida mayafina duk rawaya.
Inna ta karkaɗe shi a bakin zaure.
"To, wa ya amsa?"
Na ce, "Gajeren."
Ta ɗan yi shiru, ta leƙa randa,
ta miƙo mini moɗa cike.
"Sha tukuna," in ji ta, "sannan ki ba ni labari."