Mai Kwashe Toka

Ƙarfe uku da rabi na dare a Agege.
Janareton maƙwabta ya yi tari ya mutu,
jirgin ƙasa bai wuce ba tukuna.
Ni kaɗai ne, da shebur, da bakin tanda,
a gidan burodin Iya Morufa, bayan layin dogo.
Aikina na fari shi ne kwasar tokar jiya.

Gwaggo Kyauta ce ta ba ni labarin,
can Kafur, ina yaro, tana ɓarar gyaɗa.
Wai Isra'ilawan dā
kullum safiya sai sun yanka ɗan rago,
bana ɗaya, ba ɗingishi, ba hakiya a ido,
a ɗora shi bisa bagade ya ƙone ƙurmus,
da mudun gari da aka kwaɓa da man zaitun.
Ba ranar idi kaɗai ba,
ba don an yi haihuwa ko an dawo daga yaƙi ba,
don gari ya waye ne kawai.
Na ce, "Gwaggo, naman fa, wa ke ci?"
Ta ce, "Hayaƙi ke kai shi sama. Kai dai cikinka!"

Amma kafin ragon, in ji ta, akwai wani firist
mai tashi tun zakara bai yi cara ba.
Ya wanke hannu da ƙafa a daron tagulla,
ya sa farar riga, ya hau ya kwashe toka,
ya sauya tufa, ya kai ta bayan zango,
ya dawo ya jera itace kan garwashi,
don wutar nan ba a barin ta ta mutu.
Na tambayi sunansa.
Ta ce ba ta sani ba, ba a faɗa ba.

Shi nake tunawa in na sunkuya.
Ko shi ma ƙugu na masa ciwo lokacin damina?
Ko ya taɓa jin ƙyuya, ya zauna bakin shimfiɗa
yana cewa yau ɗaya dai, wa zai sani?
Ko tokar na maƙale masa a gashin hanci,
'ya'yansa su ce Baba warin hayaƙi yake?

Sikiru ya iso yana hamma, ya kama kwaɓi.
Fulawa, mai, gishiri.
Wata tirela ta wuce Oko-Oba da raguna,
kwana biyu a hanya, muryarsu ta dushe,
na ji ƙamshin ƙasarmu a jikin gashinsu.
Ladan ya kira assalatu daga Sango,
wata mai farar riga na kaɗa ƙararrawa a kan gada,
kowa na tashin gari da abin da ya iya.

Ni ba ni da rago.
Barcina nake sa wa a wuta,
da shekara goma sha ɗaya ta ƙuruciya,
da jana'izar Gwaggo da ban samu zuwa ba
don ba wanda zai riƙe mini tanda.
Ban sani ba ko wannan hayaƙin na isa wani wuri.
Yana dai fita ta bututun kwano,
ya gauraya da na danfo, ya ɓace wajen Ikeja.

Na taɓa ce mata, "Yanzu suna yi?"
Ta ce an rushe ɗakin tun zamanin kakannin kakanni.
"To wutar fa?"
Ba ta amsa ba. Ta juya ga murhunta,
ta tone toka da tsinke,
ta sami jan ido ɗaya, ta hura.

Gabas ta yi fari bayan wayoyin lantarki.
Burodin fari ya fito, gefensa ya ɗan ƙone,
na miƙa wa Baba Etim mai gadi ta kan katanga.
Masu talla sun jeru da farantan katako a ka.
Anjima da dare, kafin in rufe ƙofa,
zan binne garwashi biyu a ƙarƙashin toka.