Kasuwar da Ba Ta da Rumfa

Baba dillalin shanu ne a karar Maigatari,
ni kuwa sunaye nake sayarwa.
Ba sunan yanka ba, ba na kakanni ba,
sunan ƙofar shago ne a intanet,
wanda za ka rubuta, ka danna,
ya kai ka zauren mutumin da ba ka taɓa gani ba.

Bakwai gare ni. Bara da kaka na kama su
da kuɗin riɗi buhu ɗaya da rabi:
ɗaya na kilishi, biyu na zoɓo, ɗaya na ƙaro,
sauran ukun ko Inna ban faɗa wa ba.
Ba sa cin dusa, ba sa neman kanwa,
amma duk shekara sai an biya musu jangali.
In ka makara, wani ya kora su cikin dare,
ba sawu, ba kuka.

Daren Laraba na hau tudun bayan firamare,
inda sabis ke yarda ya tsaya,
na buɗe kasuwa uku a tafin hannuna.

Ta farko maƙil take da masu saye,
sai dai la'adarta ashirin cikin ɗari.
Ta biyu ta ce, "Kawo, biyar kawai zan cira,"
na leƙa, na ji shiru
kamar rumfuna ranar da kasuwa ba ta ci.
Ta uku gwanjo ce, kwana bakwai cur,
tayin ƙarshe shi ne rabonka,
ko da bai kai kuɗin kaza ba.
Ga kuma wani can gefe yana ta turo saƙo:
"Miƙo sunan tukuna, kuɗi na tafe."

Na sauko da sauro a ƙafa, caji saura tara.
Baba na tabarma yana tufka igiya.
Na zayyana masa. Bai ɗago ba.
Ya ce, "Nazifi, ba a cinikin biri a sama,
amma tunda naka birin can aka haife shi,
faɗa mini: tsakanin 'na sallama' da ƙirga kuɗi,
wa ke riƙe da igiya?"

Na ce, "Ta farko tana riƙewa,
ba ta sakin suna sai kuɗi ya shiga hannunta."
Ya ce, "To, kuɗin, ta wace hanya zai zo Gumel?
Dalar da ba ta san hanyar bankinka ba
sa ne a wancan ƙetaren kogi."
Na yi shiru. Wannan ban duba ba.

Ya ciji bakin igiya, ya tofar.
"La'ada ba sata ba ce," in ji shi,
"da ita na yi maka kuɗin makaranta.
Ka ji tsoron dillalin da ya ce don Allah yake yi.
Kuma kar ka kai garke duka kasuwa ɗaya."

Da asuba ya ja bijimin Alhaji Ɗantsoho ya tafi.
Ni na koma tudu, na karanta ƙananan rubutun
har idona ya yi ruwa,
na ɗaure biyu a babbar kasuwa,
na bar na zoɓo sai kaka ta yi.

Da magariba ya dawo, bijimi na biye da shi.
"Ba ta yi ba," ya ce, ya nemi buta.

Kwana goma sha ɗaya wayata ba ta motsa ba.
Ran na sha biyu, ina cikin gero, ta yi ƙara:
wani, daga garin da ban iya faɗar sunansa ba,
ya taya na kilishi, tayin raini.
Na nemi inda zan danna "albarka", babu.
Sai na share zufa a gefen riga,
na rubuta masa kuɗin da nake so,
na mayar da ita aljihu,
na ɗauki fartanya.