Zogalen Kuluwa

A Figil, bayan masana'antar siminti,
Kuluwa na da zogale bakwai da mangwaro guda.
Wata biyar ke nan sama ba ta ko tofa ba,
amma kullum da abin da ke sauka.
Ba ya tsawa, ba ya sa a ruga kwashe shanya.

Da sassafe na iske ta tana shafa ganye da yatsa
kamar mai taɓa goshin jariri.
Ta nuna mini: fari, da laushin garin tuwo,
gauraye da baƙin da tirelolin Garwa ke bari.
"Ganye ma da hancinsa," in ji ta,
"'yan ƙofofi, ido ba ya kai musu.
To ga shi an liƙe."

Ruwa uku take yi wa ganyen kwaɗo:
na fari toka, na biyu dama-dama,
a na uku take bismilla.
Akuya kuwa ba ta san wanki ba,
tana ci, tana tari, tana kallonmu.

Jikanta Ilu ya rubuta sunansa a ganyen mangwaro.
Kafin la'asar an binne sunan,
ba wanda ya ji zubar ƙasa.