Minti Biyar Gaba

Agogon babana yana gaba da na kowa da minti biyar.
Haka ya saita shi tun yana kurtu,
haka muka kwance shi daga hannunsa
ranar da muka sauko da shi bakin kogin Marsiyandi,
itace a jere, ruwa na ta surutunsa.

Manjo Kesar Ghale.
A takarda ke nan. A ƙauyenmu na kan dutse
Tsohon Gada ake ce masa.
Ba ya so, amma yana amsawa.

Shekara ashirin da takwas cikin kaki.
An haife ni yana wata iyaka mai ƙanƙara,
an haifi Purna yana ƙasar da na kasa faɗin sunanta.
A ambulan muka san shi kafin mu san fuskarsa,
rubutu tsaye ƙyam kamar 'yan fareti:
"Ku bi maganar uwarku. Ku wanke wuya."

Da ya dawo gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe da kunne guda,
gidan ya yi masa kaɗan, shi kuma ya yi mana yawa.
Sai ya goge takalmi zai shiga garken awaki.
Sai ya ƙirga mu za a ci abinci, mu huɗu kacal.
Inna Dilmaya ta bar shi wata uku yana ba da oda,
sannan ta miƙa masa lauje:
"Tamba ta nuna, Manjo. Ita ba ta sara wa kowa."
Ranar na fara jin dariyarsa.

Yaƙi kuwa, bai taɓa ba mu labari ba.
Lambobin yabo na cikin gwangwanin shayi, bayan buhun shinkafa.
Amma duk wata in fansho ya fito
sai ya ware kaso, ya aika can gabas
ga matar direbansa, wanda ya taka abin da aka binne don wani.
Sau ɗaya na tambaye shi.
Ya juyo mini da kunnen da ya mutu.

Wata damina kogi ya ci yarinya 'yar aji uku a mashigi,
jakarta kaɗai aka tsinta a reshe.
Washegari ya fito da igiyar awo.
Shekara biyu yana hawa da sauka a ofisoshi,
yana roƙon waɗanda a da miƙewa suke in ya shigo.
Ya sayar da ɓaunarmu.
Inna ta yi mako ba ta ce masa uffan ba,
sai ga ta da butar shayi wajen masu jan waya.
Taku ɗari da goma sha biyu daga gaɓa zuwa gaɓa.
Shi ya fara hayewa. Ya tsaya a tsakiya ya daka tsalle,
tsoho ɗan sittin,
don mu gani da idonmu ba za ta tsinke ba.

Purna ya ƙi soja, ya kama gyaran babur a Pokhara.
Shekara uku ko gaisuwa babu.
Rannan Baba ya sauka gari,
ya sayi mataccen babur, shi da bai iya hawa ba,
ya tura shi har ƙofar shago:
"An ce kai ne gwani."
Iyakar ban haƙurin da ya iya ke nan.
Ya kuwa isa.

Yau da safe yara sun haye da gudu,
suna girgiza waya don tsokanar juna.
Rabinsu ba su san sunansa ba,
kuma na san da hakan ya fi masa.

Agogon yana hannuna, madaurin ya yi mini yawa.
Purna ya ce in kawo ya daidaita shi.
Na ce a'a.
Ko'ina na je nakan riga kowa,
in tsaya, in jira,
aikin da shi ya koya mana tun muna yara
ba tare da ya yi niyya ba.